Bishiyar da ke zama shaida a kotu: Tsirran dajin Malesiya a hannun Semai da Kadazan-Dusun da Iban

Birnin Ipoh, hedikwatar jihar Perak a ƙasar Malesiya, ya samo sunansa ne daga wata bishiya mai dafi. Da wuya ɗan birnin na yau ya gane ta ko da ya fake a inuwarta, amma a tsaunukan da ke gabas da birnin akwai mutanen da har yanzu suke tsaga ɓawonta, su tari ruwanta, su gasa shi har ya yi kauri, su shafa a bakin kibiya. Su ne Semai.

Semai ɗaya ne daga cikin ƙabilu 18 da gwamnatin Malesiya ke kira Orang Asli, wato mutanen asali. Su ne mafi yawa a cikinsu, sun haura mutum 50,000 a jihohin Perak da Pahang, kuma harshensu ya fi kusa da harsunan Kambodiya da Vietnam a kan harshen Malay. Idan aka tsallaka tekun Kudancin China zuwa tsibirin Borneo, inda jihohin Sabah da Sarawak suke, waɗanda suka shiga tarayyar Malesiya a 1963, za a tarar da wasu al'ummu biyu da su ma daji ne ya raine su: Kadazan-Dusun, ƙabilar asali mafi girma a Sabah, da Iban, waɗanda suka haura mutum 700,000 a Sarawak.

Idan ana maganar sanin tsirrai na irin waɗannan al'ummu, hankali yakan tafi ga magani: wannan saiwa ta zazzaɓi ce, wancan ganye na ciwon ciki. Magani yana ciki, amma ƙaramin kaso ne. A wajen duka ukun, kowace bishiya mai amfani tana tafe da hukunci: wa ya mallake ta, wa ke da ikon hawanta, a wane lokaci, kuma mece ce tarar wanda ya sare ta. Wannan hukunci ne ya tsare dajin shekaru aru-aru, kuma a kansa ake tafka shari'a yau a kotunan ƙasar.

Dafin da ya ba birni suna

Bishiyar ipoh, wadda masana ke kira Antiaris toxicaria, doguwa ce, takan kai mita 40. Maharbi yakan yi mata tsaga a karkace, ya kafa guntun gora a ƙasa ya tari ruwan da ke tsattsafowa, fari kamar madara. Daga nan sai ya riƙa gasa shi a gefen wuta, a hankali, har ya koma baƙi mai danƙo. Aikin ba ya son gaggawa, domin zafi idan ya yi yawa yana kashe ƙarfin dafin. Wasu kan haɗa shi da ruwan saiwar wata kuranga mai dafi, kowane gida da irin haɗinsa.

Sinadarin da ke cikin ruwan ipoh zuciya yake kamawa, ya rikita bugunta har ta tsaya. Wanda ya san kwankwani, tsiron da maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da ƴaƴansa, ya san dangin wannan guba, domin hanyar aikinsu ɗaya ce. Sai ya shiga jini yake kisa da sauri. Shi ya sa idan biri ko kurege ya faɗo, ana yanke wurin da kibiyar ta shiga a jefar, a dafa sauran a ci lafiya.

Makamin kuwa ba baka ba ne. Bututu ne na gora mai tsawon kusan mita biyu, wanda ake hura kibiyar ta cikinsa da baki. Gora biyu ake haɗawa: siririya a ciki, da wata mai kauri a waje da ke hana ta lanƙwasa. Mafi daraja ita ce gorar da suke kira sewor, wadda tsakanin gaɓa da gaɓarta ke da tsawon da zai isa bututu guda ba tare da haɗi ba. A wasu tsaunuka kaɗan take fitowa, don haka ta zama hajar musaya tsakanin ƙabilun yankin tun da daɗewa. Kibiyar, siririya kamar tsinken tsire, daga ƙashin ganyen wani dangin kwakwa mai suna bertam ake fere ta, a yi mata ɗan yanka kusa da baki yadda za ta karye a jikin dabba, dafin ya zauna. Ganyen wannan bertam ɗin kuma shi ne jinkar ɗakinsu. Bindiga ta shigo, amma bututun yana da abin da ba ta da shi: ba ya ƙara, saboda haka idan an harbo biri ɗaya sauran garken ba su watse ba.

Turawa sun daɗe suna tsoron wannan bishiya daga nesa. A 1783 wata mujalla a Landan ta buga labarin da aka danganta ga wani likitan Holan mai suna Foersch, cewa a tsibirin Java akwai bishiyar da iskarta kaɗai ke kashe duk mai rai a nisan mil da yawa. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta shiga littattafai ta zauna fiye da shekara ɗari, alhali mutanen da ke hawan bishiyar suna nan da ransu. Irin wannan bishiyar ma tana nan a dazukan Afirka ta Yamma. A Ghana, Akan sun san ta da kyenkyen, kuma ɓawonta suke bugawa ya yi laushi su yi tufa da shi a zamanin da. Ba ta yi suna da dafi a can ba kamar yadda ta yi a Asiya.

Ɗan'uwan ɗorawa

Abin da ke kawo wa Semai kuɗi ba farauta ba ce. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga garin Tapah ta hau tsaunukan Cameron zai ga rumfunan gora a bakin titi, an rataye damman wasu dogayen ƴaƴan itace kore masu murɗewa. Petai ke nan, Parkia speciosa, ɗan'uwan ɗorawa na jini: jinsinsu ɗaya, furensu dunƙule yake yana reto a doguwar igiya, kuma jemagu ne ke yi musu barbara da dare. Bambancin shi ne ƙwayar petai ba a tsima ta. Ɗanya ake cin ta ko a soya da barkono da jatan lande, kuma warinta yakan bi mutum har washegari. Wanda ya tashi da daddawa dai ba shi da bakin yi wa masu cin petai gori.

Masanin halayyar al'umma Alberto Gomes, wanda ya zauna da Semai na yankin Tapah, ya nuna yadda petai da durian, wancan ɗan itace mai ƙaya da ƙarfin wari, suka zama ginshiƙin kuɗin shigarsu. A nan ne hukuncin da aka ambata ke fitowa fili. Ƙasa ta jama'a ce: kowane ƙauye yana da yankinsa, galibi kwarin wani kogi, kuma duk ɗan ƙauyen yana da ikon farauta da sassabe a ciki. Amma bishiyar da mutum ya dasa tasa ce, ƴaƴansa su gada, ko da gonar da ke kewaye da ita ta daɗe da komawa kurmi. Baƙo yana iya ratsa wurin ya ɗauka dajin Allah ne, alhali kowace durian a ciki tana da mai ita.

Dokar mutanen asali ta 1954, wadda Turawan Birtaniya suka bari kuma har yau take aiki, ba ta ba Orang Asli takardar mallakar ƙasar da suke zaune a kai ba. Abin da ta tanada ƙarara shi ne, idan gwamnatin jiha ta ba wani filin, a biya su diyyar bishiyoyin ƴaƴan itace da na roba da ke kansa. Wato doka ta ga bishiyar, ta kau da kai daga ƙasar da saiwarta ke ciki. Sai a shari'ar Adong ta 1997 da ta Sagong Tasi ta 2002 kotuna suka fara amincewa cewa Orang Asli suna da haƙƙin gado a kan ƙasar kakanninsu.

Akwai tsirrai biyu na wannan daji da suka iso hannun Bahaushe ba tare da ya san daga ina suka fito ba. Na farko tongkat ali, wanda ma'anarsa a harshen Malay ita ce sandar Ali. Ɗan siririn itace ne mai doguwar saiwa guda, mai tsananin ɗaci, wadda ake tafasawa a sha don zazzaɓi da ƙarin kuzari. Yau sunansa ne a jikin ƙullin kofi da ake tallatawa a matsayin maganin ƙarfin maza. Ba a samun saiwar sai an tumɓuke itacen gaba ɗaya, kuma yana ɗaukar shekaru kafin ya girma, don haka masu haƙa sai ƙara nutsawa cikin daji suke yi. Gwamnatin Malesiya da jami'ar MIT ta Amurka sun yi rajistar haƙƙin mallakar wani sinadari da aka tace daga gare shi. Masu saye kuwa su yi hattara: hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sinadaran magungunan asibiti a ɓoye cikin irin wannan kofi, kuma a 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce ba a tabbatar da cewa ruwan saiwar ba shi da illa ba.

Na biyu gaharu, itacen ud da ake sayarwa da tsada a shagunan turare na Makka da Jidda da Dubai. Bishiyar ba ta da ƙamshi sai ta ji rauni wata cuta ta shige ta, sannan take tara baƙin ƙaro a wurin. Kaɗan ne daga cikin bishiyoyin ke yin haka. Mai nema na gargajiya yakan sassaƙe wurin da ya kamu ya bar bishiyar a tsaye. Ƴan fasa-ƙwauri kuwa kayar da ita suke yi su duba cikinta. Tun 1995 aka sanya ta cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe.

A ƙauyen Ulu Geroh, kusa da garin Gopeng, Semai sun juya wa wani cinikin baya. A da suna tsinko tohon furen Rafflesia su sayar wa masu maganin gargajiya, waɗanda ke dafa wa mai jego. Wannan fure ba shi da ganye, ba shi da kara, a jikin wata kuranga yake rayuwa, yana yin kusan wata tara kafin ya buɗe, ya yi kwana biyar yana warin mushe ya mutu. Yanzu ƴan ƙauyen rakiyar masu yawon buɗe ido suke yi zuwa wurinsa, toho ɗaya ya ciyar da gida fiye da sau ɗaya.

Shinkafa mai rai, da gubar da ake ci

Kadazan-Dusun manoman shinkafa ne, na fadama a filayen gaɓar teku, na tudu a gindin Dutsen Kinabalu. A tatsuniyarsu ta asali, an yi wata yunwa da ta sa ubangijinsu Kinoingan ya sadaukar da ƴarsa Huminodun, namanta ya zama shinkafa, jininta ya zama jar shinkafa, kanta ya zama kwakwa. Saboda haka shinkafa tana da kurwa, Bambarayon, wadda za ta iya firgita ta ɓace idan an wulaƙanta hatsi. Bikin girbi na Kaamatan, wanda ake rufewa a ranakun 30 da 31 ga Mayu, asalinsa kiran wannan kurwa ne ta dawo rumbu. Yawancinsu yau Kiristoci ne, da Musulmi masu yawa, amma bikin ya zama na kowa, har hutu ake yi a jihar.

Masu jagorantar wannan al'ada mata ne, bobohizan, kuma babban kayan aikinsu saiwa ce: komburongo, wato Acorus calamus, wata ciyawar bakin ruwa mai ƙamshi. Ana yanka saiwar gunduwa-gunduwa a shanya, a zura a zare tare da ƙananan ƙararrawa, kuma da ita bobohizan ke neman iso wurin iskoki. Waɗannan mata su ne ma'ajiyar sunayen tsirrai da addu'o'in da ke tafe da su, cikin wani tsohon salon harshe da ba a magana da shi a kasuwa. Sun tsufa, kuma masu koyo sun yi ƙaranci.

Ɗakin girkinsu ya fi samun magada. Tuhau dangin citta ne na daji, amma cikin karansa ake ci, a yayyanka da barkono da ruwan lemon tsami. Bambangan mangwaron daji ne na Borneo, mai kaurin ɓawo ruwan ƙasa, wanda ake tsimawa da gishiri tare da gurzajjen ƙwallonsa. Shi wannan ƙwallon ake barbaɗawa a hinava, ɗanyen kifin da ruwan lemon tsami ke dafawa ba wuta. Shinkafar tafiya gona kuwa a faffaɗan ganye ake ƙunshe ta, su kira ta linopot. Kayan kiɗansu ma daga nan suke: sompoton busasshen duma ne da aka soka wa siraran gora takwas.

Sai pangi, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Bishiyar Pangium edule tana da ƴaƴa manya, kuma ƙwayarta cike take da sayanayid, gubar nan da ke cikin rogo mai ɗaci, sai dai ta pangi ta fi yawa. Ɗanyarta tana kisa. Amma idan aka tafasa ta, aka jiƙa, aka shanya, gubar takan fita har ta kai matsayin da mutum zai ci, ta bar abin da ke hana nama ruɓewa. Dusun sukan daka ta su cakuɗa da kifin kogi da gishiri da dafaffiyar shinkafa, su toshe a tulu na wasu makonni. Abin da ke fitowa, bosou, yana ajiyuwa wata da watanni ba firiji. Malay suna kiran bishiyar kepayang, kuma idan soyayya ta juya wa mutum kai sukan ce ya bugu da kepayang.

Wata gubar ita ce tuba, saiwar da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso, kamar yadda masuntan ƙasar Hausa suka san magimfa. Sinadarinsu ma dangi ne. A da, zuba tuba aikin gayya ne da ake yi jifa-jifa da izinin dattawa. Da aka fara kamun kifi da guba ta kanti da nakiya da lantarki, koguna suka mutu. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙauyukan Sabah suka farfaɗo da wata tsohuwar doka, tagal, ma'ana hani. Ana raba kogi kashi uku: ja, inda ba a taɓa kifi sam, rawaya, inda ake buɗewa sau ɗaya ko biyu a shekara a raba kamun gida-gida, da kore, inda ɗan ƙauye zai kama na miya. Wanda ya karya yana biyan sogit, tarar sanyaya zuciyar jama'a, sau da yawa dabba. Dokar kamun kifi ta jihar ta 2003 ta amince da tsarin, kuma wasu ƙauyuka sun faɗaɗa shi zuwa daji, inda ake hana saran wasu itatuwa da haƙar wasu saiwoyi.

Dutsen Kinabalu, mai tsayin mita 4,095, wanda Dusun suka ɗauka makomar rayukan matattu, yana ɗauke da nau'in tsirrai sama da 5,000, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Tun hawan Hugh Low a 1851, Dusun ne ke yi wa masana jagora da dako. Sunan Low yana manne da tsirrai da dama a littattafan kimiyya. Na waɗanda suka nuna masa hanya ba ya ciki. Sai a 1992 aka fara wani shiri inda ƴan ƙauyukan da ke kewaye da dutsen suka riƙa tattara tsirran da kansu, suna rubuta sunayensu na Dusun da amfaninsu.

Yaƙin mata

Iban mutanen kogi ne, masu zama a dogon gida, rumah panjai, inda iyalai da dama ke jere ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa da ɗakinsa, da doguwar barandar da ta haɗa su. A tarihi an san mazansu da yaƙi da yanko kan abokan gaba, al'adar da aka murƙushe a zamanin sarautar gidan Brooke, Turawan da suka mulki Sarawak daga 1841 zuwa 1946. Mata ma suna da nasu fagen, kuma sunansa kayau indu, yaƙin mata. Rini ne.

Pua kumbu babban bargo ne na auduga da ake karɓar jariri da shi, a kewaye wurin ibada, a lulluɓe mamaci. Ba bayan saƙa ake yi masa zane ba. Tun zaren tsaye yana kan katako ake ɗaure wuraren da ba a so rini ya taɓa, da zaren ganyen wani tsiro mai suna lemba, a tsoma, a kwance wasu ƙullin, a ɗaure wasu, a sake tsomawa. Shuɗi daga ganyen tarum yake fitowa, wata kuranga da ba dangin baba ba ce amma shuninsu ɗaya. Ja kuwa, wanda shi ne darajar bargon, daga ɓawon saiwar engkudu ne, Morinda citrifolia.

Matsalar ita ce jan engkudu ba ya kama auduga haka kawai. Sai an fara jiƙa zaren da wani haɗi na mai da citta da gishiri, kuma babban man da ake sawa na kepayang ne, wato pangin nan da Dusun ke tsima kifi da shi. Wannan mataki shi ne ngar. Wata gwana ce ke auna kayan haɗin, mata su tattake zaren a cikin kwami, sannan a shimfiɗa shi a dandalin waje yana shan rana da raɓa kwanaki da yawa. Idan awon ya kuskure, jan zai fito a koɗe, wahalar watanni ta tafi a banza. A imaninsu abin ya wuce asarar zare: macen da ta ɗauki wannan jagoranci ba tare da izinin da ake samu a mafarki ba tana iya yanƙwanewa kamar ganye, ta yi ciwo ko ta mutu. Saboda haka darajar gwanar ngar a cikin mata daidai take da ta jarumi a cikin maza. Yau zaren kanti da rinin gwangwani da igiyar leda sun sauƙaƙa aikin, kuma gidaje kaɗan ne, irin su Rumah Gare a yankin Kapit, suka riƙe tsohuwar hanyar.

A gefen abinci, ɗan Filato ko kudancin Kaduna da ya ga dabai zai ce atili ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba: jinsinsu ɗaya, Canarium, kuma shi ma a ruwan ɗumi ake jiƙa shi ya yi laushi. Kaza kuwa a cikin ɗanyar gora ake dafa ta, a toshe bakin da ganyen rogo, a jingina a wuta.

Bishiyoyi biyu ne suka fi nuna yadda Iban ke haɗa amfani da doka. Engkabang tana fitowa a bakin kogi, ba kowace shekara take ƴaƴa ba, amma idan ta yi sai dogon gida ya fita kwansa da kwarkwatarsa. Ana busar da ƙwayar a hayaƙi, a matse mai, a ɗura a gora ya daskare, a riƙa goga shi a kan shinkafa mai zafi. Wannan mai, da man kaɗe, suna cikin mayuka shida da dokar Tarayyar Turai ta 2000 ta yarda a sa a cakulan a madadin man koko, har kashi 5 cikin 100. Tapang kuwa tana cikin bishiyoyi mafiya tsayi a yankin, tana iya haura mita 80, santsin jikinta yana hana dabbobi hawa, don haka ƙudan zuma ke rataya saƙarsu a rassanta. Ana hawanta a daren da babu wata, da turakun gora da ake kafawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara gano ta shi ke da ita, kuma saranta laifi ne mai tara. Dokar kare namun daji ta Sarawak ta 1998 ta sanya duka biyun cikin tsirran da aka kare.

Wa ke cin moriyar?

A 1987 masu tattara tsirrai daga Jami'ar Harvard, waɗanda ke yi wa cibiyar binciken cutar kansa ta Amurka aiki, suka yanki ganye da rassan wata bishiya mai suna bintangor a fadamar da ke kusa da Lundu a Sarawak. Bayan ƴan shekaru aka gano cewa tana ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwayar HIV hayayyafa. Da aka koma neman ƙari, an riga an sare ta. Sai a lambun tsirrai na Singafo aka samu irinta. Maganin ya kai matakin gwaji a jikin mutane, bai kai kasuwa ba, amma Sarawak ta farga: ta yi dokar albarkatun halittu a 1997, ta buɗe cibiyar kula da su a 1998, wadda a yau ke rubuta sanin tsirrai na ƙabilun jihar tare da su. Sabah ta yi tata dokar a 2000. Tarayya kuma ta yi dokar 2017, bisa tsarin yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta wajabta neman izinin al'umma da raba riba da ita kafin a yi amfani da saninta.

Sai dai izinin amfani da sani ba ya hana a share dajin da sanin ke ciki. Malesiya ce ta biyu a duniya wajen samar da manja, bayan Indonesiya, da gonaki sama da hekta miliyan 5 da rabi, fiye da rabinsu a Sabah da Sarawak. Kwakwar manja ƴar Afirka ta Yamma ce. Labarin da ake yawan ji a Najeriya, cewa bayan samun ƴancin kai ne ƴan Malesiya suka zo suka ɗauki iri, bai cika daidai ba: an dasa ta a Java tun 1848, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malaya ta fara a 1917. Abin da ya faru a shekarun 1970 shi ne tattara iri daga Najeriya domin inganta wanda suke da shi.

Iban sun kasa ƙasarsu kashi-kashi. Temuda ita ce gonar da aka taɓa sassabewa aka bari ta huta. Pulau galau kurmi ne da aka keɓe da gangan ba a noma shi, domin katako da igiya da magani. Pemakai menoa kuwa shi ne dukan yankin da dogon gida ke ci daga gare shi. A Disamban 2016, a shari'ar wani shugaban dogon gida, Tuai Rumah Sandah, kotun ƙolin tarayya ta yanke cewa temuda kaɗai doka ta sani. Hukuncin ya zo da wani juyi mai ɗaci: wurin da aka sare ya zama mallaka, wurin da aka tsare ya zama na gwamnati. Bayan ƙorafi mai yawa, majalisar Sarawak ta gyara dokar filaye a 2018, ta amince da yankin al'umma har hekta 500, ko 1,000 da izini na musamman, abin da al'ummu da dama suka ce bai kai girman yankunansu ba.

Dokar filayen ta sanya 1 ga Janairun 1958 a matsayin iyaka: mai da'awar gado sai ya nuna cewa mutanensa suna wurin kafin wannan rana. Mutanen da ba su ajiye takardu ba sukan kawo abin da suke da shi: tsofaffin hotunan da jiragen sama suka ɗauka, da makabartu, da ginshiƙan katakon belian da ke yin fiye da shekara ɗari ba su ruɓe ba, da tembawai, kufan tsohon dogon gida, inda ƙwallayen da aka tofar daga baranda suka zama kurmin durian da dabai. A ƙauyuka da dama na Sarawak da Sabah da Perak, matasa kan bi dattawa cikin daji da na'urar GPS, su tsaya a gindin kowace tsohuwar bishiya, su ɗauki lambar wurin, su rubuta sunan wanda ya dasa ta.